Yaro Mai Jijjiga Ba Ya Son Allura? Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo a Ƙofar Atiku

Tun faɗuwar damina wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mutanen Ƙofar Atiku. Ya shigo zauren WhatsApp na danginmu, ya shiga na matan Islamiyya, har 'yan kabu-kabu na ji suna kunna wa juna shi a bakin titi. Muryar namiji ce. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda yake aiki ba, ya dai yi sallama ya yi salati, ya ce shi ma'aikacin lafiya ne da ya ga abin da ba zai iya yin shiru a kansa ba. Daga nan ya shiga jero maganganu: wai sabuwar masara ce ke kawo masassarar damina, wai sinadarin gidan sauro yana haukatarwa, wai ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu, wai maganin da ake bi gida-gida ana ba yara yana dusashe ƙwaƙwalwa. Sannan ya zo kan babbar. Ya ce idan yaro mai masassara ya fara jijjiga, ya kafe ido, ya sandare, kada a kuskura a kai shi asibiti, domin ciwon iska ne, kuma ba ya son allura. Duk yaron da aka tsira wa allura ko aka ɗebi ruwan bayansa, in ji shi, in bai mutu ba zai tashi bebe, ko makaho, ko shanyayye. A riƙe shi gida kwana uku ana hayaƙi ana ɗura masa rubutu. Ya rufe da roƙon a tura wa wasu domin Allah.

Huɗun farko ba su cancanci a ɓata musu tawada ba. Masara ba ta sa masassara, nunarta ce ta zo daidai da lokacin da sauro ke hayayyafa a kududdufai. Gidan sauro iyakarsa ya sa wa wasu zafin fuska a daren farko in ba a shanya shi a inuwa ba kafin a ɗaura. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta, ko ta yawu ko ta numfashi, saboda haka wanda ya faɗi a gabanka ka matsa ka taimake shi. Maganin gida-gida kuwa, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kwana uku a jere kowane wata cikin damina, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012, kuma ana raba shi a jihar Sakkwato tun 2015. Yana da ɗaci, wasu yara sukan yi amai, amma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Sahel sun nuna yana tare kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da maleriya a watannin da ake shan sa.

Magana ta biyar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita tana iya kai yaro kushewa. Abin da ya ba ta ƙarfi kuwa shi ne akwai gaskiya a gindinta. Ba unguwar da za ka shiga a cikin garin nan ka rasa gidan da ke da yaron da ya kwanta masassara yana gudu yana surutu, ya dawo daga asibiti ba ya magana, ko yana jan ɓarin jiki, ko daga baya ya fara faɗuwa. Uwar da ta ga haka da idonta ba ƙarya ta yi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana barin tabo. Inda mai saƙon ya karkatar da zance shi ne wajen faɗin wanda ya yi ɓarnar.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwayar maleriyar da ta fi yawa a ƙasarmu, wadda likitoci ke kira falsifarum, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa a ciki. Ƙwayar jinin da ta kamu sai ta yi danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi maimakon ta wuce abinta. In wannan ya faru a cikin kai, hanyoyin jini sukan cunkushe, iskar shaƙa da sukarin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da su ba sa isa inda ya kamata, sai ta fara kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗawa. A garin Bilantaya na ƙasar Malawi, likitoci ƙarƙashin Karl Seydel da Terrie Taylor sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 masu wannan ciwo na maleriyar ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, suka fitar da sakamakon a 2015. Yara 25 sun rasu, kuma 21 daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ta yi mummunan kumburi, irin wanda ke danne sashen da ke tafiyar da numfashi. Waɗanda suka rayu, da aka sake hoton, an ga kumburin ya sace. Abin da ke faruwa ke nan a cikin kan yaron da ya sandare a cinyar uwarsa, kuma kowace awa da ta wuce ba magani ƙwayar cutar ƙaruwa take yi.

Ba zan ɓoye nauyin ciwon don in yi nasarar gardama ba. Ko an kai asibiti an yi duk abin da ya dace, yara 15 zuwa 20 cikin 100 da maleriya ta kai su ga dogon suma suna rasuwa. Cikin waɗanda suka tsira, kimanin ɗaya cikin goma yakan bar asibiti da lahani a bayyane: makanta, kurumta, ɗaukewar magana, shanyewar ɓarin jiki ko rashin iya tsayuwa. An ga haka tun a binciken da aka yi a Gambiya a 1990. A Kamfala ta ƙasar Uganda, an bibiyi irin waɗannan yara shekara biyu bayan sallama, aka samu kusan ɗaya cikin huɗu yana fama da raunin natsuwa ko riƙe karatu. A Malawi kuma, binciken 2010 ya nuna yara 12 cikin 132 sun kamu da farfaɗiya daga baya, alhali cikin yara 264 da aka kwatanta su da su ba ko ɗaya. Wannan lissafin waɗanda aka yi wa magani ne. Yaron da ya shiga dogon suma aka bar shi gida ba magani, da wuya ƙwarai ya tashi. Wannan kam likitocin duniya ba su da saɓani a kai.

To a duba lissafin da kyau. Duk yaran nan masu ciwon da aka ambata, ba wanda ba a yi wa allura ba, domin wanda ya suma ba ya haɗiyar ƙwaya. Da allurar ce ke shanyewa, da dukkansu sun tashi da lahani. Amma mafi yawan waɗanda suka rayu sun koma gida da ƙafafunsu, da idonsu, da bakinsu. Da masu bincike suka duba abin da ya raba wanda ya lahanta da wanda ya warke garau, abubuwan da suka riƙa fitowa su ne daɗewa cikin suma, maimaituwar jijjiga ko tsawonta, faɗuwar sukarin jini, da tsananin zafin jiki. Duk waɗannan abubuwa ne da zaman gida ke ƙara wa muni, asibiti kuma ke da abin tare su: allurar tsai da jijjiga, ruwan sukari ta jijiya, ƙarin jini ga wanda jininsa ya ƙone, da maganin kashe ƙwayar cutar.

Mun san yadda kwanakin suke tafiya a gidajenmu. Ranar farko jiki ya yi zafi, a aika kemis a sayo farasitamol. Rana ta biyu ya ƙi abinci, a ƙara da 'yan ƙwayoyin maleriya, a ba shi biyu, ya yi amai, a ajiye sauran. Rana ta uku cikin dare ya fara taune-taune. Maigida ba ya nan ko ba kuɗi a hannu, wata dattijuwa ta leƙo ta ce wanga ciwo bai son allura. Sai an kwana an wuni, numfashi ya fara sarƙewa, sannan a nemi Keke Napep. A asibiti a sa masa allura, Allah ya yi da sauran kwana, ya farfaɗo bayan kwana uku ba ya gani. Abu na ƙarshe da idon uwa ya gani an yi wa ɗanta shi ne allura, sai laifi ya hau kanta. Daidai yake da a ɗora wa 'yan kwana-kwana laifin gobara don su aka gani tsaye a kan toka.

Ita kanta allurar an gwada ta gwaji mai tsanani. A 2010 aka kammala wani babban bincike a kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, inda aka yi shi a Ilorin. Rabi aka ba su tsohuwar allurar kwinin, rabi aka ba su atesunet. Cikin masu kwinin kashi 10.9 cikin 100 suka rasu, cikin masu atesunet kashi 8.5, kuma masu atesunet ba su kai masu kwinin yawan faɗawa cikin suma ko jijjiga bayan an fara magani ba. Wannan ya sa a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da atesunet maganin farko, shi ne kuma tsarin da Nijeriya ke bi. Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: binciken bai nuna atesunet ya rage yawan masu tashi da lahani ba, ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya mai da abin da ya riga ya lalace kafin a zo. Shi ya sa zancen duka ya koma kan sauri. Wani binciken na 2009 a Gana da Tanzaniya da Bangaladash ya nuna haka ƙarara: cikin marasa lafiyan da suka yi fiye da awa shida ba su isa asibiti ba, waɗanda aka fara sa wa atesunet ta dubura tun daga ƙauye, mutuwa ko nakasa ta dindindin ta ragu da rabi a cikinsu.

Duk da haka ba na ganin kakanninmu da suka ce wani ciwo ba ya son allura daga iska suka tsinto maganar. A shekarun da shan inna ke yawo ko'ina, yaron da ke cikin zazzaɓin farkon cutar in aka yi masa allura a tsoka, ƙafar da aka soka ta fi saurin shanyewa. Likitoci sun tabbatar da wannan tun shekarun 1950. Akwai kuma wata babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa. In wanda bai ƙware ba ya caka wa ƙaramin yaro allura a wurin ya same ta, yaron yana iya tashi yana jan ƙafa har tsawon rayuwarsa, kuma wannan yana faruwa har gobe a ɗakunan bayan kemis. Kwinin ma yakan sa ƙarar kunne da raguwar ji na 'yan kwanaki. Duk wannan gaskiya ne. Darasin da ke ciki shi ne kada ki miƙa ɗanki ga kowane mai riƙe da sirinji. A asibiti ta jijiyar jini ake ba da atesunet, in ba a samu jijiya ba a yi a gaban cinya, nesa da waccan jijiyar.

Sai batun ruwan baya, wanda na san ya fi komai tsorata iyaye mata. Mu a nan Sakkwato bai kamata a yi mana dogon bayani a kan sanƙarau ba. Annobar 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja ta kama sama da mutum 14,000, ta kashe fiye da 1,100. Yaro mai sanƙarau da yaro mai maleriyar ƙwaƙwalwa kamanninsu ɗaya a ido: zafi, jijjiga, suma. Maganinsu kuwa daban. Gwajin jini kaɗai ba ya raba gardama, domin a garin da yara da yawa ke yawo da ƙwayar maleriya a jini, gwaji zai iya nuna ta alhali wani abu ne ke kashe yaron. A Malawi an binciki gawar yaran da aka ɗauka maleriyar ƙwaƙwalwa ce ajalinsu, sakamakon 2004 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu wata cuta ce daban. Ɗan ruwan da ake ɗiba a baya shi ke nuna ko sanƙarau ne. Ana soka allurar ce a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, jiki kuma yana mai da ruwan cikin 'yan awoyi. In likita ya ga yaron bai dace da gwajin a lokacin ba, yakan jinkirta ya fara magani. Sanƙarau kansa yana kurumtarwa yana shanyewa, shi ya sa ake ganin lahani bayan ɗiban ruwan, a ɗora wa ɗiban.

Ba kowace jijjiga ce maleriyar ƙwaƙwalwa ba. Yara da yawa tsakanin wata shida da shekara biyar sukan yi jijjiga don zafin jiki kawai, ta wuce cikin minti biyu ko uku, yaro ya dawo hayyacinsa ba tare da wani lahani ba. Irin waɗannan ne ake yi wa hayaƙi su tashi, a ce ai ga shi ya yi aiki, alhali da an bar su ma tashi za su yi. Matsalar ita ce uwa a tsakar dare ba ta da hanyar sanin wace iri ce ta sami ɗanta. Kuma a jihar da binciken ƙasa na 2021 ya samu kusan yara 36 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar da maleriya a jini, maƙwabciyarmu Kebbi kuma 49, ba caca ce da za a yi da ran yaro ba.

Batun iska, ba gardamar aƙida na zo yi ba. Abin da na sani shi ne digon jini ɗaya daga yatsa yana nuna maleriya cikin minti 15 zuwa 20, kuma ba wanda ke hana uba ya dafa kan ɗansa ya yi masa tofi a gadon asibiti. Addu'a ba ta taɓa yin faɗa da ƙarin ruwa ba. Abin da ke da haɗari shi ne ɗura. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, duk abin da aka zuba masa a baki, rubutu ne ko jiƙo ko manja, huhu zai iya wucewa. Hayaƙi yana ƙara shaƙe mai neman numfashi. Cokalin da ake cusawa tsakanin haƙora yana karya haƙori ya fasa dasashi, kuma ba wanda ke haɗiye harshensa.

Iyaye matan da suka gaskata saƙon ban ga laifinsu ba. Wadda ta taɓa kwana a barandar asibiti, aka yi mata tsawa a gaban jama'a, aka miƙo mata takardar magani da ta fi ƙarfin aljihun mijinta, ƙarshe ta goyo gawa ta koma gida, in wani ya ce mata zaman gida ya fi, zuciyarta za ta karɓa. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma ma'aikatan lafiya da hukuma su ya kamata su ji shi. Wanda nake jin haushinsa shi ne mai muryar, da ya ɓoye sunansa ya ari rigar ma'aikacin lafiya, ya sa sunan Allah a kan abin da ba zai iya kare shi a gaban likita ko ɗaya ba. Sai kuma 'yan bokonmu, masu digiri da masu koyarwa, da suka danna tura ba tare da sun saurara har ƙarshe ba. Inna da ke cikin gida ba ta san mai muryar ba, kai ta sani, kuma don daga wayarka ya fito ta yarda. Malam, in yaro ya kwana uku a ɗaki saboda abin da ka tura, kana da kaso a ciki.

Akwai kuma waɗanda ciwon ya riga ya taɓa, kuma saƙon ya zalunce su sau biyu, domin yana koya wa iyayensu gudun wurin da taimako yake. Lahanin da ake gani ranar sallama ba duka ne ke zama ba. Makantar da maleriya ke kawowa sau da yawa takan washe cikin makonni ko watanni, magana takan dawo, gashin ƙashi yana taimaka wa mai raunin hannu da ƙafa. Farfaɗiya tana da maganin da in ana shan sa kullum ba fashi mafi yawan masu ita sukan daina faɗuwa. Wani yaron kuma jikinsa garau, amma halinsa ya sauya: ya zama mai saurin fushi, ba ya zama wuri ɗaya, allon da ya haddace jiya yau ya zube. Wannan ba taurin kai ba ne, kuma bulala ba ta gyara shi. A gaya wa malaminsa na allo da na boko abin da ya same shi, a kuma koma da shi wurin likitan yara.

Manya ma ba su tsira ba, ko da yake abin bai cika faruwa ba. Wani yakan warke sarai, gwaji ya nuna ba sauran ƙwayar cuta, sai bayan kwanaki ko makonni ya rikice, ya riƙa sambatu, ko karkarwa, ko jijjiga, ko tangaɗi in yana tafiya. A Biyetnam an ba da rahoton mutum 22 cikin sama da 18,000 a 1996, kuma dukkansu abin ya wuce cikin kwana goma. Irin wannan mutum likita yake buƙata, ya duba ko maleriyar ce ta dawo, ko sanƙarau ne, ko wani magani da ya sha. Ba a ɗaure shi a ɗaki a ce ya haukace.

Saboda haka, 'yar'uwa, in ɗanki mai masassara ya fara jijjiga, ki kwantar da shi ta gefe, ki sassauta masa tufafi, kada ki sa masa komai a baki, ki aika a nemo abin hawa tun bai tsaya ba. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta maimaitu, ko ta tsaya amma bai dawo hayyacinsa ba, ko ya kasa zama ko shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, kada a jira wayewar gari, kada a jira dawowar maigida. Maigida, ka ba da wannan izini tun yau, ka kuma ajiye kuɗin Keke a inda ta sani. Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk cikin garin nan suke. Wanda kuma ya tura wancan saƙo, ya koma zaurukan da ya tura shi ya gaya musu maganar allurar ƙarya ce.